Ruwan da Na Datse a Edmonton

Kamfanin da ya kawo ni London ƙofa ce kawai. Kwana biyu da saukata na bi adireshin da ke jikin takardata har Lewisham, wani bene a saman shagon aski. Na ƙwanƙwasa, na jira, na sake ƙwanƙwasawa. Mai askin ya leƙo, ya dube ni, ya dubi akwatina, ya ce ni ce ta huɗu a wannan satin. Aikin kula da tsofaffi aka ce na zo yi. Ga biza, ga sunan kamfani a rubuce, amma babu ofis, babu tsoho ko ɗaya. Mutumin da ya shirya mini tafiyar daga Kano kuwa, tun ina filin jirgi lambarsa ta daina shiga.

Na zauna a bakin matakalar ina kuka, ina kiran Inna a fili kamar tana jina. Mutane na ta wucewa. Sai wata mata mai jan keken cefane ta wuce ni, ta tsaya, ta dawo da baya.

"Ke, Hausa na ji kina yi?"

Na ɗaga kai.

"Tashi. Ba a zama a ƙasa a nan, sanyi zai shige ki. Daga ina?"

"Daga Kura."

"Kura ta Kano? To ni 'yar Kagoro ce, sunana Rifkatu. Riƙe mini ledar nan, a hankali, ƙwai ne a ciki."

Haka na bi ta, riƙe da ƙwai. Anti Rifkatu girki take yi a wata makarantar firamare, tana zaune a flat ɗin council, gidan hayar ƙaramar hukuma, ita da 'ya'yanta mata biyu. Ta ba ni doguwar kujerar falo, ta ware mini tukunya guda, ta nemo mini gabas a wayarta. Wata huɗu na yi a kan kujerar nan. Duk Juma'a mahaifina yakan kira ni, ya ce, "Habiba, yaya tsofaffin naki?" In ce, "Suna lafiya, Baffa." Sai ya shiga ba ni labarin tumatir da wanda ya saci layin ruwan wani, ni kuma in toshe bakina da gefen mayafi don kar ya ji kukana.

Sai ga saƙo daga gwamnati. An soke lasisin kamfanin, an ba ni kwana sittin in sami wani wurin da zai ɗauke ni ya ba ni takardar ɗaukar nauyi, in ba haka ba in bar ƙasar. Anti ta karanta sau biyu, ta miƙo mini wayar.

"Ba kuka za ki yi ba. Applying za ki yi, ki nemi wani aikin."

Saura kwana ashirin da uku aka kira ni daga wani gidan tsofaffi a can ƙarshen Edmonton, inda shagunan Turkawa suke ƙarewa bishiyoyi su fara. Jirgi biyu da bas ɗaya nake hawa kafin in isa. Manajar gidan, Madam Sharon, mace ce mai magana tana kallon kwamfuta. Ta ce gwajin sati biyu zan yi. In sati biyun suka wuce lafiya za ta ba ni takarda. In aka sami matsala ko ɗaya ba za ta iya ba, don su ma ido ne a kansu. Wuni guda aka yi ana karanta mini dokoki: yadda ake ɗaga mutum daga gado, yadda ake wanke hannu, kar in ba kowa magani, kar in karɓi kyauta ko alawa ce. Ba wanda ya ce mini komai game da ruwa.

Gidan tsohon gini ne a gindin wani tudu, kuma a bayansa akwai lambu. Ranar da na fara ganinsa na tsaya da tiren shayi a hannu. Katangar jan bulo ta kewaye shi ta ko'ina. Hanyoyi biyu sun gitta juna sun raba shi gida huɗu daidai wa daida, a tsakiya ga wani babban kwano na dutse yana tumbatsa, ruwan na bin wasu 'yan siraran magudanai na dutse guda huɗu. A cikin kowane kaso an yi fangali-fangali, na'ana'a, albasa mai ganye, tafarnuwa, da wasu ganyayyakin magani da ban san sunansu ba. Wallahi ba don katangar ba sai in ce a bayan garinmu nake.

"Kai yarinya, shayi zai yi sanyi."

Na juya. Wani dattijo ne baƙi, da hular ulu a wannan zafin, yana riƙe da butar ban-ruwa. Baba Isiyaka ke nan, mai kula da lambun, mutumin Kumasi ta ƙasar Ghana. Hausarsu ta zango ce, mace ma "kai" yake ce mata. Shekararsa ashirin a gidan. Tun daga ranar kullum sai ya ajiye mini rabin burodinsa a kan taga, ya ce na rame kamar sandar tsintsiya.

Wadda aka fi haɗa ni da ita wata tsohuwa ce, Dakta Margaret, kowa Dakta yake ce mata. Ba likita ba ce. A wata jami'a a unguwar Bloomsbury, nan cikin London, ta yi koyarwa har ta yi ritaya, kuma abin da ta koyar duk rayuwarta shi ne tarihin lambuna da yadda mutanen da suke jan ruwa. Da na ji haka sai da na sake tambaya, a zatona Turancina ne ya gaza. A ce mutum ya tsufa yana cin albashi a kan tarihin lambu. Ta ce saboda lambun nan ta zaɓi gidan, don tun tana da ƙuruciya take zuwa auna shi. Ƙafafunta sun yi rauni, da ƙarfen dogarawa take tafiya, amma kanta garau yake, bakinta kuma ba ya hutawa.

Kowace yamma ina riƙe da gwiwar hannunta muna zagaya kwanon, tana ba ni labari. Ta ce katangar da rabon gida huɗun su ne mafi tsufa, masu ibadar Kirista na zamanin da can ne suka tsara, waɗanda suke keɓe kansu ba aure ba fita. Suna shuka maganinsu da abin miyarsu a ciki, su sa ruwa a tsakiya ya rabu huɗu, don a littafinsu koguna huɗu ne suke fita daga lambun Aljanna. Na ce mu ma Aljannarmu ƙoramu ne ke gudana a ƙarƙashinta. Ta ce ta sani, Musulmin Farisa da na Andalus ma haka suke raba lambunsu, kuma sun fi kowa iya tafiyar da ruwa.

Ruwan da nake gani kuwa, ta ce daga baya ne. Wani attajiri ne da ya mallaki wurin ya je Italiya, ya ga abin da manyansu suke yi, ya dawo ya kwaikwaya. Ta ce a can, shekaru ɗaruruwa da suka wuce, ba inji ba lantarki, sai su huda dutse su karkato da kogi guda zuwa saman tudu, su sake shi ta cikin bututu. Nauyinsa kawai ke tura shi. Ya yi tsiri sama ya fi bishiya, ya busa sarewa, ya sa tsuntsun tagulla ya yi kuka. Kuma su ɓoye 'yan ƙananan ramuka a cikin kujeru da ƙarƙashin hanya, in baƙi sun zauna da kayansu na alfarma sai ruwa ya feso musu ta ƙasa, mai gida na gefe yana dariya.

Na ce, "Dakta, kogi guda? Don a jiƙa wa baƙo wando?"

Ta ce, "Da siket. Sun fi son siket."

Ni abin bai ba ni dariya ba. A garinmu na ga an fasa wa mutum kai a kan ruwan rabin yini.

Ta kai ni wajen wata doguwar kujerar dutse da ke jikin katanga, ta sa na tsuguna. Ga ramukan nan a jere, kowanne bai fi kaurin tsinken tsire ba, wasu a kujerar, wasu a tsakanin duwatsun hanya. Ta ce ta tabbata irin na Italiya ne, amma ba mai rai da ya taɓa ganin sun yi aiki. Shekara arba'in tana neman inda ruwansu yake fitowa. Hukuma ta hana a tona ko dutse ɗaya, don wurin na tarihi ne. Har wasu abokan aikinta suka rubuta cewa ado ne kawai, ita ce take mafarki.

A lokacin ana wani irin zafi da su kansu suke cewa ba su saba ba. An hana ban-ruwa da tiyo a unguwar gaba ɗaya. Ganyayen lambun duk sun langwaɓe, na'ana'ar ta fara ƙonewa daga baki. Baba Isiyaka sai ya ɗebo daga kwanon da buta, ya ɗingisa ya zuba, ya dawo, ga gwiwarsa a kumbure. Kafin ya gama kaso na biyu na farko ya bushe.

A bayan katangar, ta wajen tudun, akwai wani lungu da nake zuwa sallar azahar. A nan na ga inda ruwan yake tahowa. Wani tanki ne na bulo, rabinsa a cikin ƙasa, da murfin ƙarfe, idon ruwa daga tudun yana cika shi. A gefensa an fasa wata kafa, faɗinta kamar tafin hannu biyu, ruwa na kwarara ta nan, garai-garai, ya bi rami ya faɗa kwalbatin titi. Abin da yake tafiya a banza ya ninka wanda yake shiga lambun.

Ni 'yar mai lambu ce. Baffa ba shi da ɗa namiji babba, tun ina firamare ni nake bin sa ban-ruwa. Ka buɗe bakin fangali da fartanya, in ya sha ka toshe da laka, ka buɗe na gaba. Kuma akwai abin da ba wanda yake zaunar da kai ya koya maka: in kana wucewa ka ga ruwa ya ɓalle yana zuba a banza, ko gonar wa ce, ko ta wanda ba ku magana ce, tsugunawa za ka yi ka datse. Ba a neman izini. Wanda ya gani ya wuce shi ake zagi a majalisa. Kwana takwas ina idar da salla ina kallon kafar nan kamar ana tsikara ta.

Rana ta tara Baba Isiyaka ya tafi asibiti a duba gwiwarsa. Da hutun ƙarfe goma na zagaya. Na jera duwatsu uku a kafar, na yage rabin wani tsohon ɗankwalin atamfa da nake shimfiɗawa in zan yi sujada, na cusa, na shafe da laka. Ko ɗigo bai ƙara fita ba. Na shiga lambun na tarar magudanan sun ciko har baki. Na yi musu 'yan madatsai da hannu, ɗaya bayan ɗaya, ruwa ya malala cikin fangalan. Ƙasar har wani ƙamshi ta yi. Na wanke hannuna na koma aiki, kuma ba zan ɓoye ba, tun da na zo ƙasar nan ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiyar ba. Ban ɗauka na yi wani abu da za a faɗa wa wani ba.

Ƙarfe huɗu muka fito da tsofaffi takwas shan shayi a lambun, kamar kullum. Ina zuba madara na ji wani gurnani daga ƙarƙashin ƙasa, kamar saniya na kakari. Kofuna suka yi rawa a kan tebur. Sai ruwa ya ɓarke. Daga kujerar dutsen, daga hanya, daga ƙarƙashin ƙafafunmu, ta ko'ina, da baƙin laka da farko, sannan fari, da ƙarfi kamar bulala. Wata tsohuwa a keken guragu ta dinga ihu tana kiran mamanta. Wani tsoho ya rarrafa ƙarƙashin tebur ya rufe kai. Dakta tana tsaye kusa da kujerar. Na gan ta ta saki ƙarfen dogarawarta, ta buɗe hannu biyu, tana cewa a duba, a duba, ta juya don ta ga bayanta, sai ƙafarta ta zame.

Ƙarar da kanta ya yi a kan dutsen, har yau tana cikin kunnena. Kafin in isa wajenta ruwan ya ɗauke da kansa, tsit. Jini ya rufe mata ido ɗaya, hannunta na hagu ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Motar asibiti ta zo ta ɗauke ta. Ni kuwa ina ta goge tsofaffi da tawul, kuma tun kafin kowa ya tambaya na riga na san daga ina ne.

Washegari aka kira mai gyaran famfo. Da rana Madam Sharon ta tara ma'aikata duka, ta ɗaga wata farar leda. Ɗankwalina ne a ciki, da lakarsa. Ta ce an same shi a cushe a tankin baya, ɗan Dakta yana maganar lauya, kuma dole ta rubuta wa hukuma sunan wanda ya yi. Ta tambaya na wane ne. Saura kwana goma sha uku a takardata.

"Nawa ne," in ji Baba Isiyaka.

Aka dakatar da shi nan take, sai an gama bincike. Na bi shi har tashar bas.

"Baba, me ya sa? Ka san ni ce."

"Na sani mana. Wane ne zai yi ban-ruwa mai kyau haka a gidan nan? Na'ana'a duka ya tashi."

"Zan koma in faɗa mata."

"Kai, tsaya nan. Ni ina da fasfo na ƙasar nan, yarana sun girma. In Madam ya kore ni, na zauna gida na huta ƙafa. Kai in ya kore ka, ina za ka? Yi shiru, ka ji ko?"

Amma da bas ɗin ta zo na ga ya juya yana kallon katangar lambun, har direba ya yi masa magana.

Anti Rifkatu ma abin da ta ce ke nan. "Shi ya zaɓa, ba ke kika sa shi ba. Ki bari a ba ki takardar tukuna, sannan ki yi tsoron Allahnki da hujja." Ta zuba mini tuwon semo da miyar kuka, na ture kwanon gefe. Kwana uku ina zuwa aiki ina wuce tagar da yake ajiye mini burodi.

Rana ta huɗu Madam ta ce Dakta ta aiko daga asibiti a kai mata tabarau da rigar barci, kuma ni ta ce a aiko. Na same ta da ɗinki a goshi, rabin fuskarta ya yi shuɗi, hannu a cikin filasta. Ta ce in ja labule.

"Ba Isiyaka ba ne," ta ce. "Shekara ashirin bai taɓa matsar da ko tsakuwa ba. Ta tagata na gan ki da safe, laka har gwiwar hannu. Zauna ki faɗa mini abin da kika yi, kar ki tsallake komai."

Na faɗa mata ina kuka. Ita kuwa ko a jikinta, tambaya kawai take yi. Kafar tana kusa da murfi ko ƙasa? Bakinta a gyare yake ko fasawa aka yi? Na ce fasawa aka yi, bulon ma a karye yake. Ta rufe ido, har na ɗauka ciwon ne.

Sai ta sa na miƙo mata abin zuƙar lemo, ta lanƙwasa shi da hannu ɗaya. Ta ce irin wannan bututun ne a ɓoye a cikin tankin, mai wuya a lanƙwashe. Muddin ruwa bai kai saman wuyan ba, ba abin da zai faru. Ranar da ya haura, bututun zai zuƙe tankin gaba ɗaya a lokaci guda ya tura shi ƙasa, in ya ƙare ya tsaya da kansa, ya sake jiran cika. Ba mabuɗi, ba mutum a ɓoye. Wani ne daga baya ya gaji da jiƙewa ya fasa gefen tankin don kar ya ƙara cika, aka manta. Ta ce sau nawa ta tsaya a gaban kafar nan da littafi a hannu, ta auna ta, ta zana ta, ba ta taɓa tunanin ta toshe ba.

Na ce, "Dakta, ki yafe mini. Gobe zan faɗa wa Madam."

"In kin faɗa me zai faru?"

"Za su mayar da ni gida."

"In ba ki faɗa ba?"

"Baba ya rasa aikinsa."

Ta dube ni da idonta mai kyau ɗin. "To ai ni na sa ki. Kin manta? Na ce ki je ki toshe, ke kuma sabuwa ce, kin ɗauka dole ki bi maganata."

"Ba haka aka yi ba."

"Ni na karye, ni zan faɗi yadda aka yi."

Saura kwana shida aka zauna a ofishin Madam. Dakta a keken guragu, ɗanta a gefe, wani dogo mai jan fuska da ko sau ɗaya bai kalle ni ba. Ta faɗi maganarta tiryan-tiryan, har da ƙarin cewa sau uku ina ƙi tana matsa mini. Ɗan ya dafe goshi. Madam ta juyo gare ni.

"Habiba, haka ne?"

Na ce, "Eh."

Aka rubuta, na sa hannu. Aka ba ni gargaɗi a rubuce, kar in ƙara bin umarnin mazaunin gida ba tare da na tambayi babba ba. Aka kira Baba ya dawo. Saura kwana huɗu Madam ta turo mini takardar. Anti ta yi rawa a kicin da ludayi a hannu, ta kira 'yan cocinsu tana ba su labari. Na kira Baffa, a karon farko ya tambayi tsofaffina na amsa ba ƙarya.

Na ɗauka shi ke nan. Ban san yadda ƙasar nan take aiki da abin da aka rubuta ba.

Abin da na sa wa hannu shi ɗan ya ɗauka ya kai wa likita. Ga shaida, uwarsa ta sa ma'aikaciya ta yi abin da ya kusa kashe mutum takwas, ba ta san haɗari ba kuma. Aka zo aka yi mata tambayoyi, wace rana ce yau, ƙirga daga ɗari zuwa baya. Ta amsa duka, ta ce musu su ma ta tambaye su. Aka rubuta har da wannan. Cikin wata guda aka yanke cewa za ta koma wani gida kusa da ɗan, wajen London, hawa na uku, inda ƙofa ba ta buɗewa sai da lamba. Na tambayi wata ma'aikaciya ko akwai lambu a can. Ta ce akwai wajen ajiye motoci. A satin ne kuma aka turo ma'aikata suka rufe tankin da kwaɗo, suka ƙara faɗin kafar.

Na shiga ofishin Madam ba tare da na ƙwanƙwasa ba. Na ce akwai abin da zan faɗa game da ranar nan, ba yadda aka rubuta ba ne. A karon farko ta ɗauke ido daga kwamfuta.

"Habiba, an rufe fayil ɗin. In kika ƙarasa maganar nan dole in ji ta. In na ji ta, ke kin tafi, Isiyaka ya tafi don ya yi ƙarya, ita kuma ɗanta ya riga ya biya wancan gidan. Kina da abin faɗa?"

Na ce babu.

Ni aka sa na haɗa wa Dakta kaya. Littattafai sun fi tufafi yawa, ɗan ya ce akwati biyu kawai motar za ta ɗauka, sauran a bayar. Tana zaune a bakin taga tana nuna mini wanda zan sa da wanda zan bari. Ina ninke rigunanta hawaye na zuba a kansu.

"Ki daina jiƙa mini kaya," ta ce. "Na jiƙu ya isa."

"Dakta, ni na jawo miki."

"Shekara biyu ɗana yana neman dalili. Da bai samu wannan ba, da ya samu wani." Ta yafito ni da hannu. "Zo nan. Akwai abin da nake so in tambaye ki, kuma ban son ƙarya, mun yi wadda za mu yi. Ni ina ƙasa, jini a ido, ban ga ƙarshensa ba. Ina ya kai?"

"Wane?"

"Ruwan. Na wajen kujera."

Na tuna. Na gan shi sarai, don a lokacin sama nake kallo ina salati.

"Ya wuce katanga."

"Da nawa?"

"Kamar tsayin mutum."

Ta maimaita a hankali, tsayin mutum, ta sa na nemo biro na rubuta mata a bayan wani littafi, da ranar, da sunana a ƙasa a matsayin wadda ta gani. Ta ce wannan a jakar hannunta za a sa, ba a akwati ba.

Ɗan ya yi hon daga waje. Baba Isiyaka ya tura keken har bakin mota, ya ɗora mata damin na'ana'a a cinya. Ba ta ce a bi da ita ta lambun ba, mu ma ba mu tambaya ba. Motar ta fita, ƙofar ƙarfen ta rufe kanta. Ina tsaye a wurin har ƙararrawar ɗaki na shida ta fara kira, Baba ya ce, "Tafi, yarinya, ana kiran ka." Na tafi.